Makunnin Ɗaga Silo a Motar Kifi: Yadda Muka Ƙare da Wata F-250 a Agege

Ranar wata Talata ce cikin damina, an kwana ana ruwa, layin garejinmu na Agege duk ya caɓe. Da hantsi sai ga wata farar a-kori-kura ta kunno kai, ƙatuwar gaske, da ta tsaya sai da ta tare mana bakin ƙofa. Ford F-250 ce ƙirar 2014, mai injin dizal Power Stroke lita 6.7, Tokumbo daga Amurka. Direban bai kashe ta ba. Ya leƙo ta taga ya ce, "Oga, in na kashe ta ba za ta tashi ba, da aron batir muka fito."

Mai motar wani Alhaji ne da ya daɗe a Legas yana sarin daskararren kifi a ɗakunan sanyi na Ijora, su titus da kote da shawa, yana kai wa masu abinci da ƙananan 'yan kasuwa tun daga Idi-Araba har Mile 12 da nan Agege. Ya ɗora manyan firiza biyu a bodi, an yi musu rumfar kwano, an kafa inbata mai wat 2,000 a bayan kujera tana shan wuta kai tsaye daga batiran motar. Kukansa shi ne cikin wata takwas sau uku yana canza batir, kuma wannan mota batir biyu take ɗauka. Wato shida ke nan ya saya ya zubar.

Wanda bai san sana'ar ba zai ɗauka motar kifi tafiya take yini tana yi. Rabin aikinta jira ne. A bi layin lodi a Ijora awa ɗaya ko biyu, a tsaya ƙofar mai abinci ana ƙirga katan, a jira kuɗi. Duk wannan lokaci injin a kunne yake don kada firiza su huce, yana silo, wato juyin da inji ke yi shi kaɗai idan ba a taka totur ba. Direban ya lura cewa in an jima a tsaye inbata takan fara kuka, amma da ya ɗan taka totur sai ta yi shiru. Sai ya samo guntun katako ya riƙa tokare totur da shi a jikin ƙarfen kujera, ya fita ya bar mota tana gurnani.

Katakon nan ne ya kusa jawo musu abin da ba za su manta ba. Wata safiya a Ijora aka kira shi ya matsa gaba a layi, ya faɗa mota da sauri, ya taka birki, ya ja giya, ya manta da katako. Yana sassauta ƙafa motar ta zabura ta daki wata amalanke cike da katan. Mai turawar tsalle ya yi gefe, Allah ya tsare, katan kawai suka watse. Da Alhaji yake ba ni labarin, sai da ya yi shiru na ɗan lokaci kafin ya ce, "Malam, ɗan mutane fa zan kashe a kan kifi."

Bayan wannan ne wani ya gaya masa cewa irin waɗannan motoci suna da hanyar ɗaga silo da makunni, ba sai an tokare komai ba. Ya kai ta wurin wani mai wayarin, aka haɗa waya, aka danna makunni, inji ko gezau. Mai wayarin ya ce kwamfutar motar ce ta mutu, sai an sayi wata. Jin kuɗin kwamfutar ne ya sa Alhaji ya ce bari ya ji ta bakin wani.

Abin da mita ta nuna

Ban fara taɓa makunni ba, domin ina so in tabbatar da ciwon kafin a yi maganar magani. Batiran na bari suka yi caji da daddare, washegari na auna su a zaune, bolt 12.6, lafiyarsu ƙalau tunda sababbi ne. Muka tashi mota, allurar juyin inji ta tsaya ɗan sama da 600 a minti, mita ta nuna 14.1. Altaneta, wato na'urar da ke cajin batir in inji na juyawa, ba ta da laifi ke nan. Sai na ce wa direban ya kunna duk abin da ya saba kunnawa in yana jira. Ya kunna AC ya ƙure fanka, ya kunna rediyo, ya kunna inbata. Da kwamfureson firiza na biyu ya kama, lambar ta fara zamewa a gaban idonmu: 13.2, 12.8, 12.4. Bayan minti ashirin tana 12.2, tana ci gaba da sauka.

Lissafin ba shi da wuya. Firizan nan tsofaffi ne, suna cikin zafin Legas ƙarƙashin kwano, kusan ba sa hutawa, su biyun suna jan wat wajen 600. A wutar gida wannan ba komai ba ne. Amma a raba 600 da bolt 12, amfiya 50 ke nan, a ƙara abin da inbata ke ɓatarwa ya zama zafi, mitar da na maƙala wa wayar ta nuna 58. Ga kuma abin da motar kanta ke ci: fankar AC, famfon mai, kwamfutoci, fitilu. Ƙarfin da ake rubutawa a jikin altaneta kuwa ba ta ba da shi sai tana juyawa da sauri. A silo abin da take iya fitarwa ya yi ƙasa da wannan sosai, giɓin da ya rage kuma daga batir ake cirarsa. Batirin tashin mota an yi shi ne ya ba da wuta mai yawa cikin daƙiƙa kaɗan a mayar masa nan take. In ana tatsar sa awa biyu kullum, ga zafi, ba ya shekara.

Na sa yarona ya taka totur ya riƙe allura a 1,200. Mita ta hau 14.0 ta zauna, da dukkan kayan a kunne. Direban ya gano ciwon daidai, maganinsa ne mugu.

Makunnin roƙo yake yi

Nan ne masu wayarin da yawa suke ruɗewa, musamman mu da muka koyi aiki a kan Peugeot 504 da tsofaffin Hilux. A waɗancan, waya ce ta ƙarfe ke jan totur, in kana son silo ya hau sai ka murɗa noti. A wannan F-250 ba abin da ya haɗa ƙafarka da inji sai wayar lantarki. Totur labari kawai yake aika wa kwamfuta, ita ke yanke yawan dizal ɗin da za a fesa. Saboda haka kamfanin Ford ya tanadi wani tsari na ɗaga silo a cikin kwamfutar, ana kiransa SEIC, don motocin da ke aiki a tsaye, kamar masu janwe da masu famfon haidirolik da motocin asibiti. A Amurka wasu kan yi amfani da shi don ɗumama inji lokacin ƙanƙara. Mu a nan ba mu da wannan damuwa, caji muke nema.

Wayoyin tsarin suna nan tun daga masana'anta, an datse bakinsu an naɗe su da salatif a ƙarƙashin dashbod ta gefen direba, kusa da fedar hambirki. Sai an kwanta rigingine, kai a kan kafet, tocila a baki, kafin a gan su. Uku ne suka shafe mu. Ta farko, ruwan ɗorawa mai ratsin kore a motocin ƙirar 2014, ita ake ba wa bolt 12 don a nemi kwamfuta ta ɗaga silo. Ta biyu, PTO REF, kwamfuta ce ke fito da bolt 5 ta cikinta. Ta uku, PTO RPM, ita ke komar wa kwamfuta da amsar juyi nawa ake so. Tsakanin ta biyu da ta uku ake sa resista, wato ɗan abin da ke rage ƙarfin wuta, girman resistar ne ke zaɓen juyin. Launin wayoyin yana canzawa daga ƙirar wata shekara zuwa wata, shi ya sa ban yarda da launi shi kaɗai ba sai na buɗe takardar da Ford ke fitar wa masu ƙera bodi na duba ta shekarar motar. Wanda ya bi wayoyin nan yana tsokana da fitilar gwaji, ya kuskura ya zuba bolt 12 a layin bolt 5, shi ne zai kashe kwamfutar da hannunsa. Garin gyaran gira a rasa ido.

In ba mai wayarin farko haƙƙinsa, wayar roƙon daidai ya kama. Ya ɗauko wuta daga ɗaya cikin makunnai huɗu na AUX da motar ta zo da su a dashbod, waɗanda suke da rile da fis ɗinsu kuma ba sa aiki sai makulli na kunne. Wannan ma daidai ne. Resista ce bai sa ba. Ina jin ya saba da injinan Power Stroke na baya, waɗanda da an ba wayar wuta suke hawa 1,200 da kansu. Mai lita 6.7, wanda ya fara fitowa a ƙirar 2011, ba ya motsawa sai ya ga amsa a wayar juyin.

Jadawalin da ke cikin takardar ya nuna kilo-om 20 ne ke ba da 1,200. Maƙwabcinmu mai gyaran talabijin bai da ita, amma yana da masu kilo-om 10 cike da gwangwani, masu zoben ruwan ƙasa da baƙi da ruwan lemo. Na jera biyu a layi ɗaya, na auna, 19.9. Na yi musu dalma, na rufe da robar nan mai tsukewa da zafi, ba salatif ba, don damshin Legas ba ya barin murɗaɗɗiyar waya ta kai baɗi ba ta yi kore ba. Na kuma mayar da wutar zuwa ƙaramin makunnin AUX, na bar manyan ga abin da zai buƙaci wuta mai nauyi nan gaba, tunda wannan sigina ce kawai.

Muka tashi mota, giya a P, na taka hambirki, na ɗaga makunni. Shiru. Allura na nan inda take.

Alhaji na zaune a benci yana kallo. Bai ce komai ba, amma na san maganar kwamfutar ce ta dawo masa.

Hambirkin da babu shi

Kwamfutar ba ta amsa roƙon sai sharuɗɗanta sun cika gaba ɗaya: giya a P, hambirki a ɗaure, ƙafa ba ta kan birki, ba ta kan totur, mota ba ta motsi, inji ya daidaita a silonsa kuma bai yi zafi fiye da kima ba. Ina cikin bin su ɗaya bayan ɗaya a raina sai yarona, wanda ke tsaye jikin ƙofa, ya ce, "Oga, jar fitilar birki fa ba ta kama ba." Na duba. Hambirkin F-250 da ƙafar hagu ake taka shi, kuma da an taka jar fitila ke fitowa a dashbod. Na taka har ƙasa, ba fitila.

Na sake kwanciya ƙarƙashin dashbod. A saman fedar akwai ɗan ƙaramin makunni da ke gaya wa mota an ɗaure hambirki. Soket ɗinsa a cire yake, an lanƙwasa shi an cusa bayan wasu wayoyi, ƙura ta rufe bakinsa. Hannu ne ya cire shi, kuma ba jiya ba. Na tambayi direban. Ya sosa ƙeya ya ce tun farkon zuwan motar take ta ƙara tana cewa hambirki a ɗaure yake alhali an sake shi, ƙarar ta dame su, sai wani ya cire. Na ce to hambirkin yana riƙewa? Ya ce, "Gaskiya Oga, dutse muke sa wa taya."

Muka ɗaga bayan motar. Wayar hambirkin ta ci tsatsa ta kafe a cikin kwasfarta, abin da ake yawan gani a Tokumbon da ta yi zama a jihohin da ake zuba gishiri kan titi saboda ƙanƙara. Fedar ba ta komawa sama sosai, shi ya sa fitila ba ta mutuwa, ƙananan takalman birkin da ke cikin faifan tayar baya kuma ba sa kamawa. Mota mai nauyin tan uku da ɗoriya, da firiza biyu cike da kifi, tana yawo a Legas ba hambirki.

Direban ne ya kawo shawarar da na san za a kawo. Ya ce tunda waya ɗaya ce, in haɗa ta da bodi ta wani makunni a ɓoye, kwamfuta ta ɗauka hambirki a ɗaure yake, a wuce wurin. Aikin minti biyar ne, kuma zai yi. Na ce ba zan yi ba. Alhaji ya ce, "Malam, ai giya tana P, me zai faru?"

Na ce, "Ranka ya daɗe, abin da ke riƙe mota a P ɗan haƙori ne guda ɗaya a cikin giya. Za mu bar inji yana gudu ninki biyu na silo, ba kowa a ciki, a gangaren lodi, mutane na wucewa ta gabanta da kaya a kai. Katakon da ya kusa kashe ɗan mutane laifinsa ɗaya ne, bai san lokacin da ya kamata ya saki totur ba. In na yi wa kwamfuta ƙarya, na fara mayar da makunnin nan katako." Na gaya masa in ma bai son makunnin gaba ɗaya, hambirkin dai sai an gyara, ko a wurina ko a wani wuri.

Bai ji daɗi ba, don kwana biyu motar ta yi ba ta fita kafin a samo wayar hambirkin a kasuwar kayan mota ta Ladipo, kuma sai da ya yi hayar wata motar ta kai kifin ranakun. Ina ganin ƙorafinsa, kwana biyu a sana'ar kifi ba wasa ba ne. Amma ban ga wata hanyar da zan bi in kwana da hankalina a kwance ba.

Da aka sa sabuwar waya aka daidaita takalman, na mayar da soket. Taka feda, jar fitila ta kama. Na ɗaga makunni, bayan ɗan jim injin ya hau a hankali, ba fizga, allura ta je 1,200 ta tsaya cak. Muka kunna komai, mita 14.0. AC ma ya ƙara sanyi a tsaye, tunda kwamfuresonsa da bel ɗin injin yake juyawa. Daga nan na zaunar da direban muka gwada sharuɗɗan a gabansa. Ya taɓa birki, silo ya sauko nan take. Ya saki hambirki, ya sauko. Na nuna masa cewa in ya sauko haka ba zai koma da kansa ba, sai an kashe makunnin an sake kunnawa.

Akwai wata waya a cikin ƙunshin, BCP, wadda in aka ba ta wuta kwamfuta ke lura da batir ta riƙa ɗaga silo gwargwadon buƙata har zuwa 1,200. Ta fi tattalin mai, na kuma yi tunaninta. Abin da ya sa na bar ta shi ne kwamfureson firiza in zai tashi fizgar wuta yake yi lokaci guda, ninkin abin da yake ci yana aiki, na fi son ya tarar da altaneta tana kan gudu.

Abin da makunnin bai magance ba

Na gaya wa Alhaji tun a ranar cewa an rage ciwo ne. A gosulon titin Ikorodu giya tana D, ƙafa na kan birki, makunnin ba shi da aiki a can, batir zai ci gaba da biyan giɓi. Sannan 1,200 ya fi silo shan mai, kuma tun da litar dizal ta haura naira 1,000 ba wanda ke raina awa biyu na inji a tsaye.

Injin kansa ma yana biya. Dizal in ya daɗe yana silo ba ya yin zafin da zai ƙone mai sarai, ragowar na bin bangon silinda ta gangara cikin baƙin mai, toka kuma ta taru a matatar hayaƙi da ke cikin salansa. Ɗaga silo na rage wannan, amma matatar ba ta wankuwa sai mota ta sami doguwar hanya ta yi gudu. Ga shi an ƙera injin ne don dizal ɗin Amurka mai ƙarancin sulfa, kashi 15 cikin miliyan, wanda namu ya daɗe yana fin haka. Na ce ko sau ɗaya a mako su hau hanyar Ibadan su buɗe mata wuta. Na buɗe wa direban shafin dashbod da ke ƙirga awannin silo, na ce da shi za a riƙa juyen baƙin mai, kada a tsaya ga kilomita, domin a lissafin Ford awa ɗaya a tsaye daidai take da tafiyar kilomita 40. Na kuma ja masa kunne kada ya kunna makunnin a cikin rufaffen sito, ko ya kwanta barci a mota gilas a rufe salansa na fuskantar bango. Hayaƙin da ke kashe mutum ba ya wari.

Maganin gaske, a ganina, shi ne a raba firizan da batiran tashin mota. A sa musu nasu batir mai jure tatsa, irin na sola, da rile mai raba su in an kashe inji, a kuma jona firizan a wutar gida ko janareta da daddare su daskare sosai, ta yadda da rana riƙe sanyi kawai za su yi. Da haka rabin jiran ma za a iya kashe motar. Na rubuta masa kuɗin kayan a takarda. Ya duba, ya ninke ta ya sa a aljihu, ya ce sai bayan Sallah.

Mako uku da fitar motar direban ya kira ni da asuba daga Ijora, murya a sama, wai makunni ya lalace, yana kunne amma silo ya ƙi hawa. Na tambaye shi ko ya taɓa birki bayan ya kunna. Ya ce ya ɗan matsa gaba a layi ne ya dawo P. Na ce ya taka hambirki, ya kashe makunnin ya sake ɗagawa. Ta cikin wayar na ji injin ya hau. Wata biyar ke nan yanzu batiran da suka zo da su ne a motar, na auna su ranar juyen mai suna 12.5. Takardar batirin firiza kuwa Alhaji ya sake tambayata ko kuɗin na nan yadda na rubuta, na ce masa sai na je kasuwar kayan lantarki ta Alaba na tambayo, don kaya sun motsa.